Waƙar Torquil ta Biyu

A daren wata Talata cikin watan Oktoba na ji wani sauti da ban taɓa jin irinsa ba, ni kuwa shekarata saba'in da huɗu ina sauraron abin da iska ke kawowa ƙauyen Tolabost. Na san kukan tunkiya, na san na karnukan teku da ke kwana a kan duwatsu, wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Sai ya faro ƙasa-ƙasa kamar ana jan akwati a daɓe, ya yi ta hawa, daidai inda ya kamata ya buɗe sai ya tsinke. A yi shiru, ya sake farowa. Na ƙirga sau goma sha ɗaya kafin barci ya ɗauke ni, kuma da murna na kwanta, don na yanke cewa wani tsuntsu ne guguwa ta jefo mana daga ƙasashen ƙanƙara, irin wanda babu hotonsa a littafina.

Ni masaƙin ulu ne, karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma duk abin da teku ta tofo a gaɓarmu sai na je na gani. A rumfar saƙata akwai takalma goma sha bakwai da na tsinta, dukansu na ƙafar hagu. Na tambayi limamin coci inda na dama ke zuwa, ya ce in nemi abin yi.

Da gari ya waye na bi inda sautin ya fito, har gidan su Macritchie, wanda ke rufe shekara tara tun rasuwar tsohuwar da ke cikinsa. Sai ga hayaƙi a bututun murhu. A bayan gidan akwai wani tsohon kwale-kwale da aka kife a kan duwatsu, 'yan raguna na fakewa a ƙarƙashinsa. Na sunkuya na leƙa. Wata mace ce zaune a kan akwatin kifi, cikin doguwar kwat irin ta birni, kanta duk furfura.

"Finlay Masaƙi," in ji ta. Muryar a shaƙe take kamar ta mai mura. "Har yanzu ba ka daina bin abin da bai shafe ka ba?"

"Tsuntsu na zo nema."

"To ga shi ka samu. Tsohuwar hankaka ce, sai ka kai ta rumfa ka jera da takalmanka."

Marsali Macritchie ce. Duk wanda ke da rediyo a ƙasar nan ya san sunan, amma ni na san ta tun tana yawo da majina. Na ce me ya shigar da ita ƙarƙashin jirgi kamar 'yar tunkiya? Ta ce nan ne kawai take tsammanin ba wanda zai ji ta. Ta taɓa maƙogwaronta. Ƙari ne ya fito mata a ciki. Likita a Glasgow zai yi mata aiki ranar Laraba ta mako mai zuwa, ya kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa zai ceci ranta, amma da muryar za a cire abin. Jirgin fito na ranar Litinin da tsakar rana shi ne na ƙarshe da zai kai ta a kan lokaci.

"Kwana biyar ke nan," na ce.

"Na iya lissafi, tsoho. Ina so in shiga kicin ɗin Barabal in yi mata waƙar mijinta. Kai za ka je ka roƙa mini."

Sai na zauna a ƙasa cikin kashin tumaki, don na san abin da ta roƙa ba ƙarami ba ne.

A Tolabost, idan teku ta ɗauke mutum ba ta dawo da gawa ba, ba a sa wa ƙofar gidansa sakata har shekara ɗaya da kwana ɗaya. Ana ajiye farantinsa a tebur. A tsawon lokacin nan ba mai yi masa waƙar makoki, don yin ta daidai yake da rufe masa ƙofa. Bayan wa'adin ya cika, mai waƙar za ta je kicin ɗin matar, a rufe ƙofa, da shaida guda cikin abokan mamacin, ta rera mata ita kaɗai. In matar ta tashi ta buɗe ƙofar gaba, waƙa ta sami izinin fita, kowa na iya ɗauka. In ba ta buɗe ba, waƙar ta zama ta gidan, ba a rubuta ta, ba a koya wa kowa.

Torquil, mijin Barabal, abokina ne tun muna yara. Ya fita ɗebo kwandunan ƙaguwa wata safiya cikin Nuwamba, shekara talatin da takwas da suka wuce. An tsinci jirgin, ba a tsince shi ba. Lokacin Marsali tana da ashirin da huɗu, tana wankin zannuwa a wani otal a Glasgow, da yamma tana kaɗa gita a mashaya. Ita da Barabal benci ɗaya suka zauna a makaranta, ita ce ma ta riƙe mata fure ranar aure. Labarin ya same ta a wasiƙa, ba ta da wanda za ta yi kuka da shi, sai ta yi waƙa. Ta rera ta a mashaya mako shida kacal da ɓatansa, wani ma'aikacin gidan rediyo yana wurin. Cikin Janairu, Barabal na kwaɓa gurasa, ƙofarta ba sakata, farantin Torquil na kan tebur, sai ta ji ana kiran sunan mijinta a rediyo ana cewa ya kwanta a ƙasan teku ba zai tashi ba.

Waƙar nan ita ta ɗaga Marsali. Ta bar wankin zannuwa, ta yi faifai goma sha ɗaya, ta je Kanada ta je Jamus. Ta yi waƙoƙi sun fi ɗari biyu, na matan da ke feɗe kifi a tashoshi, na masu ƙera jiragen ruwa da aka sallama, na ƙauyukan da aka kori mutanensu aka zuba tumaki. Wasu sun fi ta Torquil kyau nesa ba kusa ba. Amma duk zauren da ta shiga, kafin ta sauka sai an yi ta ihu, Torquil, Torquil. An mayar da ita Turanci. Na taɓa jin ta a wurin biki ana rawa da ita. Da bazara baƙi kan tsaya da mota su ɗauki hoton gidan Barabal, wani ma ya taɓa ƙwanƙwasa mata ya ce ko za ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon teku. Barabal ta kai rediyonta garken saniya ta bar shi can. Wasiƙun Marsali duk a rufe suka koma. Ranar da aka yi jana'izar uwar Marsali, su biyun suna ɗaki ɗaya, ko ido ba su haɗa ba.

Na sami Barabal tana feraye dankali, hannuwanta jajur saboda ruwan sanyi. Ba ta sake aure ba, ba su kuma haihu ba.

"In saƙon waccan ka kawo, ajiye shi a waje tare da takalminka," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na ga hayaƙi."

Na cire takalmin, na shigo da saƙon. Na gaya mata batun ƙari da likita da jirgin Litinin. Wuƙar ta tsaya kaɗan, ta ci gaba.

"Allah ya ba ta lafiya," ta ce. "Zuba wa kanka shayi."

"Ƙanwata, shekara talatin da takwas fa. Kuskure ne na yarinta, tana nesa, ba kowa kusa da ita."

"A ƙauyen nan aka haife ta, ta san wa'adi. Amma ba wannan ba ne, Finlay. Wannan na daɗe da ajiye shi." Ta ajiye wuƙar ta dube ni. "Kai abokinsa ne. Gaya mini, wane launi ne gashin Torquil?"

"Ai ruwan zinariya ne, kamar hatsi idan ya..."

Sai na ji abin da nake faɗa. Baitin waƙar ne ya fito daga bakina. Torquil sanƙo ne da shi tun bai kai talatin ba, ɗan abin da ya rage a gefen kunnuwa kuma launin ɓera ne. Da hannuna na sha yi masa aski.

"Ka gani?" in ji ta. "Har kai. Hotonsa ɗaya gare ni, na ranar aure, ya kuma ƙi cire hula. In na rufe ido ina neman sa, wani dogon saurayi ne ke zuwa mini, mai gashin zinariya, yana tsaye a goshin jirgi yana yi wa guguwa dariya. Ban san shi ba, Finlay. Ban taɓa auren wannan mutumin ba. A shago na ji shi, a bas na ji shi, a asibiti da aka cire mini haƙori na ji shi, har ya zauna a kujerar mijina ya ƙi tashi." Ta koma ga dankalinta. "Waccan waƙar ba za ta shigo nan ba. In tana son shiga kicin ɗina, ta zo mini da mijina."

Da na kai wa Marsali amsar, sai ta fusata. Ta ce waƙar nan ta sa ƙarti kuka a Toronto, ta ce kwana biyar suka rage mata, ta ce wa ya taɓa yin waƙar makoki a kan sanƙo? Ta yi ta faɗa har muryar ta ɗauke, ta koma tana buga tebur da tafin hannu. Na bar ta na tafi saƙata.

Washegari da hantsi ina kan masaƙa sai ga ta da fensir da tsohuwar ambulan. Ta ture takalman hagu ta zauna.

"Ni ban san shi ba," ta ce a hankali. "Shekara goma sha biyu ya ba mu, mijin ƙawata ne kawai mai gaishe ni a hanya. Wanda na sa a waƙar, daga littattafai na ɗauko shi. Gaya mini."

"Me zan gaya miki?"

"Irin shirmen da kake tarawa. Ai ba abin da kake yarwa."

A rayuwata ba wanda ya taɓa neman shirmena sai ranar. Na ci gaba da taka masaƙa, ƙoshiya na kai da komowa, ina faɗa tana rubutawa. Na ce Torquil tsoron teku yake yi. Shekara ashirin yana fita, kuma duk fita sai ya yi amai kafin a wuce bakin tashar jiragen ruwa, ya goge baki ya ce to, an biya ta nata. Na ce yana ba ƙaguwa haƙuri kafin ya ɗaure mata hannu. Yana barbaɗa sukari a kan dankali idan yana tsammanin ba mai kallonsa. Ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta, saboda haka in yana gangarowa daga tudu sai ka ce ƙofa ce iska ke kaɗawa. A coci muryarsa takan riga ta kowa isa ƙarshen zabura, ya tsaya yana jiran mu yana kallon rufi.

"Wannan mutumin ai abin dariya ne," in ji Marsali.

"Ƙwarai kuwa. Ga shi da zuciya. Ya taɓa jifan rago da butar shayi, da shayin a ciki."

"Ya same shi?"

"Ni ya samu."

Ta yi dariya ba sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Na ba ta labarin almakashin askin tumaki, yadda ya ɓata ya ɗora wa Barabal laifi, ya yi kwana tara ba ya yi mata magana, ashe yana cikin aljihun rigar ruwansa. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, sai ya tashi da asuba ya wanke mata dukan tagogin gidan, ciki da waje, ana ruwan sama.

Marsali ta daina rubutu. Ta ce in rage saurin ƙafa. Na rage. Ta ce a'a, in ɗan jinkirta bugu na uku, kamar tafiyarsa. Na lalata kusan kamu biyu na ulu mai kyau kafin ta sami abin da take nema, amma a nan karin waƙar ya fito, mai ɗingishi, kuma da na ji shi sai na ga Torquil yana gangarowa daga tudu. Na ce mata ƙura ce ta shiga mini ido.

Haka muka yi Alhamis da Juma'a da Asabar. Muryar ba ta wuce ta minti goma a yini, daga nan sai iska, saboda haka ta daina magana gaba ɗaya, sai nuni da rubutu. Takan gwada layi ɗaya, ta kurɓi ruwan ɗumi da zuma, ta jira rabin awa. Ta goge fiye da abin da ta bari. Wani baiti da ta yi a kan raƙuman ruwa ya yi daɗi ƙwarai, ta karanta mini a takarda, ta ce ya cika kyau, ta soke shi. Hector maƙwabcina, wanda kunnensa ya yi nauyi amma ba abin da ke wuce shi, ya leƙo sau biyu wai aron guduma.

"Auren tsufa ake ƙullawa ne a nan?" in ji shi da ƙarfi.

"Ɗauki gudumarka ka tafi, kurman banza."

"Na ji wannan!"

Da yammacin Asabar ta gama, baiti bakwai. Ko sau ɗaya ba ta rera ta daga farko zuwa ƙarshe ba, don tana tsoron in ta kashe muryar a gwaji ba za ta dawo ba. Ta rubuta mini a ambulan: gobe. Na ce ko kusa. Gobe Lahadi, ko shanya ba a yi a Tolabost, balle waƙar duniya, kuma a kicin ɗin Barabal. Ta rubuta: in ta ɗauke kafin Litinin fa? Na ce ta je ta kwanta ta ɗaure wuya.

Ranar Litinin bas zai tashi ƙarfe goma. Ƙarfe tara saura muka isa. Marsali ta zo da gitarta a jaka, Barabal ta dube ta daga bakin ƙofa ta ce, "Wannan ta jira a waje." Aka jingine ta jikin bango cikin yayyafi. Muka shiga, Barabal ta rufe ƙofa ta sa sakata. Ta nuna mini benci, ni ne shaida. Ita kuma ta juya mana baya, ta ci gaba da murza gurasa a kan tebur.

Marsali ta tsaya kusa da murhu, hannuwanta a aljihun kwat. Matar da ta tsaya gaban mutum dubu uku, yau gaban mutum biyu take tsaye. Ta fara.

Baiti na farko ya fita da kyau, a shaƙe amma a kan hanya. Ba teku a cikinsa ko kaɗan, mutum ne kawai ke gangarowa daga tudu, kafaɗa ɗaya na riga ɗaya, hularsa a hannu, ruwan sama na sauka a tsakiyar kansa. Hannun Barabal ya rage sauri. A na biyu aka zo kan dankali da sukari, sai na ji wani abu ya kuɓuce mata ta hanci, dariya ce, ta yi maza ta goge da bayan hannu, gari ya shafe mata fuska.

A na uku muryar ta tsage. Ta hau inda ya kamata ta buɗe, ta tsinke. Marsali ta tsaya, ta haɗiye yawu da ƙyar, na ga zafin a idonta. Ta sake kamo layin daga ƙasa, ta saukar da karin gaba ɗaya zuwa inda maza ke yi, ta ci gaba. Na huɗu shi ne na tsoron teku, yadda yake amai ya goge baki ya koma kan igiya, shekara ashirin, don a sami abin sawa a tukunya. A nan Barabal ta daina murza gurasar. Ta jawo kujera ta zauna, har yanzu ba ta juyo ba.

Daga na biyar babu sauti kuma. Iska ce kawai ke fita da siffar kalmomi, karin kuwa sai a ƙafarta, tana buga daɓe da ɗingishin nan. Na matso a bencina. Barabal ta juyo da kujerarta, ta matso, ta ƙara matsowa, har kunnenta ya kusa taɓa bakin Marsali. Haka aka yi baitin almakashi da tagogi, haka aka yi na shida. Na bakwai ban ji shi ba sam. Leɓɓanta na gani suna motsi, na ga idon Barabal a rufe, ita kaɗai ta san abin da aka ce.

Aka gama. Butar shayi na ta tafasa a murhu tana ɗaga murfi.

"Kwana goma sha ɗaya ne," in ji Barabal, idonta a rufe. "Ba tara ba. Finlay bai san da kwana biyun ƙarshe ba, a gaban mutane ya riƙa yi mini magana don kada a gane." Ta buɗe ido. "Kuma bai wanke tagar garke ba. Ya manta da ita."

Marsali ta gyaɗa kai.

"Shi ne," Barabal ta ce. "Shi ne, ja'irin." Ta sa gefen rigar girkinta ta rufe fuska, ta jima a haka.

Bayan nan ta tashi ta zuba shayi kofi uku, ta sa wa Marsali zuma a nata ba tare da ta tambaya ba. Muka sha. Ni idona na kan ƙofar gaba, na kuma lura Marsali ma can take satar kallo. Na san abin da ke ranta, don ranar Asabar ta rubuta mini a ambulan cewa a cikin ɗari biyu da wani abu wannan ce ta fi, kuma akwai wata mawaƙiya a Glasgow da za ta iya ɗaukar ta in an yarda. Agogon bango ya nuna goma saura kwata.

Barabal ta tattara kofuna. Ta bi ta gaban ƙofar, ta wuce ta, ta je ta buɗe ta baya, wadda ke fita wajen saniya.

"Ta nan za ku bi," ta ce. "Wancan mai gashin zinariyar na bar wa duniya, su yi ta rawa da shi. Wannan nawa ne, Marsali. Kada ki ji haushi."

Marsali ta jima tana kallon ta. Sai ta zaro ambulan ɗin daga aljihu, duk ta yamutse da rubutu ciki da baya, ta buɗe murhu ta jefa. Ni na kusa in kai hannu. Ulun da na lalata ban ji zafinsa ba kamar takardar nan.

A bakin ƙofar baya Barabal ta tsayar da ita. Ta cire gyalen ulu da ke wuyanta, ta naɗa mata sau biyu, ta cusa bakinsa cikin kwat. "Kin fito da wuya a buɗe kamar marar hankali," ta ce. "Tun muna aji ɗaya haka kike. Maza, 'yar uwa, bas ba zai jira ki ba." Ni na zagaya na ɗauko gitar, jakar ta jiƙe sharkaf.

An yi aikin ranar Laraba, ya kuma tafi yadda likita ya ce. Da bazara Marsali ta dawo Tolabost gaba ɗaya, da ɗan rami a wuya wanda take rufewa da ƙyalle, da ƙaramin allo da alli a aljihu. Kullum da la'asar sai ta haura gidan Barabal. In na wuce nakan hango su ta taga, ɗaya na saƙar safa tana ta zuba, ɗaya na rubutu tana ɗaga allo, wani lokaci ma faɗa suke yi, don na taɓa ganin allon ya tashi sama. A rediyo kuwa ba a daina sa tsohuwar waƙar ba, sai ma abin da ya ƙaru tun da aka ji ta rasa murya.

Hunturu biyu suka samu. A na biyun ciwon ƙirji ya kama Barabal, cikin mako guda ta tafi. Mu maza muka ɗauki akwatin muna karɓa-karɓa har maƙabarta a bakin gaɓa, mata suka zauna a gida. A hanya na yi ta ƙoƙarin kamo waƙar a zuciyata. Karin yana nan a ƙafata, in na hau masaƙa yakan zo da kansa, amma ni ko zabura ban iya riƙewa ba, kalmomin kuwa sun zube, sai layi biyu na dankali da rabin na tagogi. Ko da na riƙe su duka ma, ba ni da izinin faɗa.

Muka dawo kicin ɗin, an cika shi, ana miƙa shayi da gurasa. Marsali na zaune a kujerar kusa da murhu, allonta a cinya, ba ta rubuta komai ba tun safe. Hector ya sami wuri a gefena a benci. Ya kurɓi shayi, ya dubi ni, ya dubi Marsali, sannan ya yi magana da irin muryar da yake tsammanin raɗa ce, har cokula suka tsaya a kofuna.

"Shin wai, Finlay, waƙar nan ta biyu da aka ce an yi wa Torquil a ɗakin nan, yanzu a bakin wa take?"